Kafin a Cika Fom: Zaman da Ya Kamata Mu Yi da 'Ya'yanmu Mata

Jawabin da aka gabatar wa iyayen 'yan matan ajin ƙarshe na sakandare a Musawa, bayan an gama kaka.

 Mun san wasu sun baro sussukar dawa, wasu sun baro kasuwa, don haka ba za mu ci muku lokaci ba.

Mu da muke tsaye a nan ba ma'aikatan hukumar jarrabawa ba ne. Iyaye ne kamarku, sai dai 'ya'yanmu sun riga naku bin wannan hanya, kuma mun yi kurakurai da ba ma so a maimaita.

Bari mu fara da abin da ya faru a gidan ɗaya daga cikinmu. Yarinya ce mai ƙoƙari, kullum tana cikin na gaba a ajinsu. Da lokacin rajistar JAMB ya yi, aka ba yayanta kuɗi ya kai ta shagon kwamfuta a birni. Kawunta ya riga ya ce likita za ta zama, saboda haka aka rubuta mata likitanci a babbar jami'a. Sauran guraben fom ɗin kuwa, yaron shago ne ya cika su da abin da ya zo masa a kai, domin layi ya yi tsawo. Maki ya fito, bai yi muni ba, amma bai kai na likitanci ba. Ta zauna gida shekara ɗaya. Ta sake, aka sake irin wannan zaɓi. Kafin shekara ta uku an kawo kuɗin gaisuwa, mahaifinta kuma ba shi da amsar da zai ba mutane in sun tambaye shi me take jira.

Ba mu ce aure laifi ne ba, tana nan ɗakinta lafiya. Amma makin da ta samu tun a karon farko ya isa ya shigar da ita kwalejin ilimi ko makarantar koyon aikin lafiya, da an rubuta su. Abin da muka zo faɗa ke nan. Namiji in bai samu gurbi ba, ya koma gona ko ya kama acaba, baɗi ya sake gwadawa, ba wanda zai ce masa uffan. Shekarar da mace ta zauna a gida kuwa, kowa na ƙirga mata ita. Don haka a wurin 'ya mace, makarantar da za ta ɗauke ta bana ta fi makaranta mai suna wadda wataƙila ta ɗauke ta wata shekara.

Mu fara da takardarta, kafin burinmu

Jarrabawar JAMB darasi huɗu ce, Turanci dole, jimlar maki 400. A 2025, lokacin da aka fara sakin sakamako, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9 fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. A shekarar ce aka tsayar da mafi ƙarancin maki 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin ilimi da na fasaha. Wannan adadi yana sauyawa kowace shekara, kuma ƙasan ma'auni ne kawai. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, kwas irin likitanci da shari'a da jinya a jami'a kuwa sun yi wa wannan adadi nisa sosai.

Saboda haka kafin a ambaci sunan kowace makaranta, a ɗauko katin sakamakonta na shekaru uku na babbar sakandare a shimfiɗa a tabarma. In uba ko uwa ba su iya karanta shi ba, ba abin kunya ba ne, a je wurin malamin ajinsu a tambaye shi gaskiya tsakani da Allah: yarinyar nan a ina take da ƙarfi? Wadda take son jinya ko likitanci tana bukatar kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Wadda take son shari'a tana bukatar Adabin Turanci. Mun ga wadda ta ci maki mai kyau aka ƙi ta, domin darasin da kwas ɗin ke bukata ba ya ma cikin waɗanda ta zauna a WAEC ko NECO. JAMB tana da kundin da ya jera abin da kowane kwas yake nema, yana intanet. A sa malami ya buɗe shi a waya a duba tare.

Sa'an nan a tambaye ta ita kanta. Mun lura 'ya'yanmu mata ba sa iya cewa a'a a gaban uba, sai su ce "duk abin da Baba ya ce". Iyaye mata, wannan aikinku ne. A wurin tsintar wake ko a bakin murhu za ta faɗa miki abin da ba za ta faɗa a zaure ba. Wata jini ma ba ta son gani, amma an rataya mata aikin asibiti tun tana firamare.

Kada guraben fom su zama iri ɗaya

Fom ɗin yana da gurbin makaranta fiye da ɗaya. Manyan jami'o'i galibi waɗanda suka sa su a zaɓi na farko suke dubawa, don masu nema sun yi musu yawa. In aka sa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farko, aka sa Jami'ar Bayero ta Kano a na biyu, kusan zaɓi ɗaya aka yi. Manomi ba ya zuba irinsa duka a gona ɗaya, yakan yi masara a nan, dawa a can, ya soka wake a tsakani. Haka fom ɗin yake so: guri ɗaya na buri, sauran kuma inda muka tabbata makinta zai kai.

Jiharmu ba ta rasa makarantu ba. A Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Jami'ar Al-Qalam wadda ta masu zaman kansu ce. A Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Kusa da mu, Malumfashi tana da makarantar ungozoma, Kankiya tana da makarantar koyon aikin lafiya. A Wusasa kusa da Zariya, asibitin St. Luke yana da makarantar jinya. Jami'o'in tarayya kuma ba da maki kaɗai suke raba gurabe ba. Akwai kason cancanta, akwai na jihohin da ke kewaye da jami'ar, akwai kuma na jihohin da aka bari a baya wajen karatun boko, Katsina tana cikinsu. Wannan dalili ne na yin takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma tun da wuri.

Akwai maganar da muke ji kullum, wai NCE karatun waɗanda suka rasa ne. Ba mu yarda da ita ba. NCE shekara uku ce, ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan, kuma wadda ta ci da kyau tana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Haka ma mai difloma ta ND, wadda ake yi a shekara biyu. A Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage, inda ake karatun IJMB mai kai ɗalibi aji biyu shi ma. Duk waɗannan matakala ce. Yarinyar da take kan matakala tana da amsar da za a ba mai tambaya, kuma ko aure ya zo a tsakiya, an riga an san ɗaliba aka aura, ana iya sa ƙarasa karatun cikin sharaɗi tun wurin baiko.

Ku dubi kuma asibitocinmu na ƙauye. Mata nawa ne suke ƙin zuwa awo don namiji ne a ɗakin? Yarinyar da ta karanta ungozoma ko aikin lafiyar al'umma, aikinta yana nan yana jiranta a ƙofar gida.

Inda za ta kwana

Wannan ce maganar da take hana mu barci, don haka za mu ɗan daɗe a kanta. Ba wanda ya manta daren Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai maza sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, nan maƙwabtanmu. A Satumba 2023 an sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau. A Oktoba na wannan shekarar aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. A Gusau da Dutsin-Ma duka, daga gidajen haya na wajen makaranta aka ɗauke su.

Ba mun kawo wannan don mu tsorata ku ba ne, ko don mu ce a guji wata makaranta. Mu ma da muke gida ba mu tsira daga wannan masifa ba, kun fi mu sani. Abin da muke cewa shi ne, tambayar "ina za ta kwana?" ta shiga cikin zaɓi tun farko, kada a bar ta sai an samu gurbi. Makarantar tana da ɗakin kwanan mata a cikin katanga? 'Yan aji ɗaya suna samu, ko sai mai hanya? In haya za a kama, a wace unguwa, wa yake gidan, akwai ƙofa mai kulle, akwai ruwa ko sai ta fita nema da asuba? Muna da ɗan'uwa ko 'yar'uwa a garin da za su je gare ta in ba ta da lafiya? Wace hanya motar take bi, kuma za a iya isa kafin la'asar?

Uba ya je ya gani da idonsa. Kuɗin mota na rana ɗaya ne. Ya tsaya bakin ƙofa ya tambayi 'yan matan da suke karatu a can, musamman 'yan garinmu, za su faɗa masa abin da ba a rubuta a allon sanarwa ba. Inda akwai yara biyu ko uku daga unguwa ɗaya, gara su nufi gari ɗaya, su kama ɗaki tare, su yi tafiya tare.

Lissafin rumbu

Kuɗin fom ƙarami ne in aka gwada da abin da ke biye. A lissafa kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, takardun darasi da kuɗin mota, a mayar da su buhunan masara ko waken suya, a ninka sau shekarun karatun. Sa'an nan a ƙara wani abu a kai, domin karatu ba kullum yake ƙarewa a kan lokaci ba: a 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A yi wannan lissafi a gaban yarinyar. Ba ƙaramar yarinya ba ce, kuma in ta san abin da rumbu zai iya ɗauka, ita da kanta za ta taya mu zaɓe.

Tun 2024 akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ba ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Sai an samu gurbi ake nema. Amma bashi ne, a tuna da haka.

A yi hattara da masu zuwa da labarin digiri mai sauƙi a ƙetare. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, kuma a Janairu 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. A nan gida ma ƙananan makarantun lafiya masu zaman kansu sun yi yawa. Kafin a biya ko sisi, a tabbata hukumar da abin ya shafa ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin: NUC ga jami'a, NBTE ga kwalejin fasaha, NCCE ga kwalejin ilimi, majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ga aikin jinya.

Ranar rajista

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. A duba yau, kada a jira Janairu, cewa sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a NIN da takardun makaranta. Maryamu a nan, Maryam a can, ya isa ya jawo wahalar watanni. Layin wayar da aka yi rajista da shi ya zama nata ko na mahaifiyarta, a ajiye shi kamar takardar gona, domin ta nan saƙonni za su riƙa zuwa. A je cibiyar da JAMB ta amince da ita. Tun 2017 kuma ta manhajar CAPS ake ba da gurbi, ɗaliba ce da kanta take shiga ta danna ta karɓa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi ta bayan gida, takardar da zai kawo ba za ta kai ta hidimar ƙasa ba.

A rubuta makarantu da kwasa-kwasan a takarda tun daga gida, ta riƙe a hannunta, ta karanta abin da aka shigar a kwamfuta kafin a tura. In maki ya fito bai kai yadda aka zata ba, akwai damar sauya makaranta ko kwas da ɗan kuɗi kaɗan, amma a hanzarta, kafin makarantun su rufe nasu tantancewar.

Malamai biyu sun yarda za su zauna nan bayan an tashi, da kuma ranar Asabar mai zuwa. Wanda bai zo da katin sakamakon 'yarsa yau ba ya zo da shi ranar, ya zo da ita ma.