Ruwan Zafi da Gas a Lokacin Hunturu

Disamba ta shigo, da asuba kowa ruwan zafi yake nema. Wasu 'yan kasuwarmu sun kafa injin dafa ruwan wanka mai amfani da gas a cikin banɗaki, suka toshe taga saboda sanyi. To, nan fa haɗarin yake.

Wuta da iska take ci. In ɗaki a rufe yake, sai ta riƙa fitar da guba marar wari: ciwon kai, jiri, daga nan sai suma. Ku dubi harshen wutar. Shuɗi, lafiya lau. In ya koma rawaya, a kashe, a kira mai gyara. Bututun hayaƙi kuma dole ya leƙa waje.

Tukunyar nan mai kilo 12.5, a tsaye ake ajiye ta. A shafa ruwan sabulu a tiyo, in kumfa na tasowa, akwai yoyo. Don Allah banda gwaji da ashana! Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara suke barci.

Ku ma makiyaya, kaskon gawayi a rufaffiyar bukka gubar nan yake fitarwa. A kai shi waje kafin a kwanta.