Mai riƙe da sanda a daji, ina kujerarsa a zauren komin?

Ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako, mun rubuta shi saboda wanda yake daji ko yake kan hanya lokacin da muka yi shi.

A ƙasar Tibati, wa yake fara sanin cewa rafi ya ƙafe tun lokacinsa bai yi ba? Wa yake fara ganin an shuka rogo a tsakiyar burtali? Wa ya san inda ciyawar bokasa ta cinye makiyaya, da inda ƙudan tsando ya dawo? Kun san amsa: yaron da ke bin shanu, da yarinyar da ke neman ruwa da safe ta ɗauki ƙwaryar nono da rana. To, ranar da za a zauna a yanke inda za a haƙa rijiya ko inda labi zai bi, sau nawa aka kira su?

Allah ya yi wa Tibati arzikin ruwa. Ga kogin Jerem, ga madatsar Mbakau da aka gina a 1969, ga damina mai tsawo wadda mutumin Garwa ko na Marwa zai yi sha'awa. Amma ku da kanku kuke faɗa mana cewa lissafin da kuka gada ya fara ruɗewa. Ruwa ya sauka, a yi shuka, sai ya ɗauke. Wata shekara ya zo da ƙarfi ya cinye gada, motocin shanu da na masara su kwana a hanya. Arewa kuma tana ƙara zafi, garkuna suna ta gangarowa, ga waɗanda rikicin Afirka ta Tsakiya ya koro da dabbobinsu. Ta kudu, gandun dajin Mbam da Jerem da aka keɓe a 2000 ba wurin kiwo ba ne. Ƙasa ba ta ƙaru ba, masu nemanta ne suka ƙaru.

Ina ake yanke shawara a kan waɗannan abubuwa? Ba sai an je Yawunde ba. Da yawansu a nan gida ake yanke su.

Na farko, komin, wato ma'aikatar magajin gari. Dokar ƙananan hukumomi ta ranar 24 ga Disamba 2019 ta ɗora wa komin samar da ruwan sha, dashen itatuwa, kula da kasuwanni da mahauta, da tsara shirin kare muhalli. Kowace komin kuma tana da kundin raya ƙasa da ake kira PCD, inda ake jera buƙatun ƙauyuka. Abin da bai shiga kundin nan ba, da wuya ya ga kuɗi.

Na biyu, kwamitin sasanta manoma da makiyaya, wanda doka ta kafa tun 1978, kantoman gunduma, wato sufirefe, yake shugabanta. Aikinsa bai tsaya ga shari'ar ɓarna ba, har da raba wurin noma da wurin kiwo da hanyar da shanu za su bi.

Na uku, fada. Maganar ƙasa a nan ba ta tafiya sai da lamiɗo da jauro da ardo, kowa ya san haka.

Yanzu ku saurari abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wannan doka ta 2019 ta ce kowane mutum yana iya kai wa magajin gari shawara a kan ci gaban komin. Ta ce duk mazaunin komin ko mai biyan haraji a cikinta yana iya neman a nuna masa kasafin kuɗi da rahoton zaman kansiloli, ya ɗauki kwafi da kuɗinsa. Zaman kansiloli kuma a buɗe yake ga jama'a, sai in an ce za a yi na sirri. Ba a ce sai mai furfura ba, ba a ce sai mai digiri ba. Alhaji, kai da kake biyan kuɗin tikiti a kan kowace saniya da ta shiga kara, kana da ikon tambayar ina kuɗin suka shiga. Ɗanka ma haka.

A Kamaru sai ka kai shekara 20 kake jefa ƙuri'a, sai ka kai 23 kake tsayawa takarar kansila. Ke nan yaro zai yi shekara goma yana kwana da shanu a daji kafin ya samu katin zaɓe. 'Yan uwanmu na Najeriya sun matsa har aka rage shekarun tsayawa takara a 2018, ɗan shekara 25 yana iya neman majalisar wakilai. Amma ko can za su gaya muku, rage shekaru a takarda bai kai kowa kujera ba. Sai wanda ya taso ya zo.

Na san abin da iyayenmu za su ce: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, ranku ya daɗe. Ba mu ce yaro ya zauna a buzun ardo ba. Amma babba yana hangen da abin da aka kawo masa ne. Ardo ya san yadda mashaya take shekara talatin da suka wuce, yaron ya san yadda take jiya da yamma. In aka haɗa biyun, ba za a kashe miliyoyi a haƙa rijiyar burtsatse a inda shanu suka daina bi ba.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Ku tuna Logon Birni a 2021. Ruwa ya yi ƙaranci, masunta da manoma suka haƙa ramuka don tare ruwa da kifi, shanun makiyaya suna faɗawa ciki. Daga nan aka fara. A watan Agusta aka yi, a Disamba aka sake, wutar ta kai Kusiri, an rasa rayuka, an ƙone ƙauyuka, dubun dubatar mutane suka tsallaka Cadi. In irin wannan ta tashi, su wa ake turawa gaba? Su wa ake binnewa? Samari. Wanda za a kira ranar faɗa, ya kamata a kira shi ranar shawara. Mu ma muna da makiyayi da manomi da masunci a bakin ruwa ɗaya a Mbakau. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To me za a yi? Ba abu mai wuya ba ne.

Iyaye, duk ranar da aka kira ku taro a komin ko wurin sufirefe, ku tafi da yaro ɗaya daga cikin masu kiwo, ku ce a ji bakinsa. In babba ne ya gabatar da shi, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya.

Samari, kada ku je hannu rabbana. Ku zauna ku lissafa: mashaya nawa ta ƙafe, a wane wata, burtali wane aka toshe, daga ina zuwa ina, gobara daga ina take tasowa. Wayar da ke aljihunku tana ɗaukar hoto. Wanda ya yi makaranta ya rubuta da Faransanci, a kai komin, a karɓo kwafi mai hatimi. Ku kai da wuri, don kafin ƙarshen shekara ake amincewa da kasafin baɗi. Ku je tare, ɗan makiyayi da ɗan manomi da ɗan masunci. Takarda ɗaya mai hannun Bafulatani da Mbum da Baya da Bahaushe ta fi takardu huɗu nauyi. Kada a bar 'yan mata a baya, su suka san nisan ruwa da ƙafafunsu.

Majalisar Matasa ta Ƙasa tana da rassa har a matakin komin. Ku neme su, ku shiga, kada ta zama ta 'yan birni kaɗai, kada kuma aikinta ya ƙare a faretin 11 ga Fabrairu.

Magadan gari da kansiloli, roƙonmu biyu ne. A sanar da ranar zama tun da wuri, a kasuwa da masallaci da coci da rediyo. A kuma fassara abin da ake faɗa zuwa Fulatanci da Hausa. Hasashen damina da hukumar ONACC take fitarwa ma, in ya tsaya a ofis da Faransanci, bai amfani mai shanu da komai ba.

Mako mai zuwa za mu buɗe layi. Duk matashin da ya taɓa shiga zaman kansiloli, a Tibati ko Ngaundal ko Banyo ko can Gembu, ya kira ya gaya mana yadda aka karɓe shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiya, ya zaunar da mu lafiya. Mu kwana nan.