Kula da Gwiwa a Motsa Jiki na Yoga

Yau maganarmu a kan gwiwa ce. Matasa suna ganin motsa jikin da ake kira yoga a waya, suna kwaikwayo ba tare da mai koya musu ba. Yoga daga Indiya ta fito, tana da tushe cikin addinan ƙasar, amma abin da ya shafe mu a nan shi ne miƙe jiki da yadda za a yi shi ba tare da rauni ba. Manomin da gwiwarsa ta lalace, wa zai yi masa huɗa?

Gwiwa kamar ƙyauren ƙofa take. Aikinta lanƙwasawa da miƙewa, ba ta son murɗiya. A cikinta akwai guringuntsi guda 2 masu siffar jinjirin wata, suna zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kamar gammo. Jini ba ya isa sashensu na ciki sosai, shi ya sa idan suka yage a wurin, da wuya su warke da kansu.

Inda aka fi jin ciwo shi ne zaman da suke kira padmasana, wato harɗe ƙafafu a ɗora kowace a kan ɗaya cinyar. Juyawar da wannan zama yake bukata daga kwatangwalo ya kamata ta fito. Idan kwatangwalo ya ƙi sakewa, mutum ya kama ƙafa ya ja da ƙarfi, sai murɗiyar ta sauka a gwiwa ta matse guringuntsin. A ganinmu, mai koyo ba shi da dalilin gwada wannan zama. Ya zauna a kan bargon da aka ninka, kwatangwalo ya ɗan fi gwiwa tudu, ya tanƙwashe ƙafa yadda muka saba a kan tabarma.

A motsin tsaye, idan muka tura ƙafa ɗaya gaba muka lanƙwasa ta, gwiwa ta tsaya daidai saman idon sawu, ta fuskanci inda yatsun ƙafa suka fuskanta. Kada ta faɗa ciki. Idan ƙafa a miƙe take, kada mu danna gwiwa baya har ta ƙage. Mu bar ta da ɗan sassauci, naman cinya ya riƙe ta.

Wasu suna jin kunyar amfani da abin tallafi. Babu abin kunya. B.K.S. Iyengar, sanannen malamin yoga na birnin Pune wanda ya rasu a 2014, ya yi suna ne har da koyarwa da katako, ɗamara da bargo. Mu ma in za mu durƙusa mu zauna a kan diddige, sai mu sa matashi a ƙasan ɗuwawu, mu shimfiɗa zane mai kauri a ƙarƙashin gwiwa. Iyayenmu mata masu daɗewa a durƙushe wajen aikin gida, wannan ya shafe ku.

Jan da ake ji a naman cinya lokacin miƙewa ba laifi ba ne. Amma suka a cikin gwiwar kanta alama ce ta a tsaya nan take. Idan ta kumbura, ko ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko tana gocewa in an taka, a je asibiti a duba ta, kada a ba wani ya ja ta.