Kowa Ya Bar Gida: Lafiyarmu A Zaman Birni

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Ɗazu aka karanta mana sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a bana, Allah ya jiƙansu. Duk wanda ya kasa kunne zai lura cewa da yawansu ba tsofaffi ba ne. Magidanta ne da iyaye mata masu sauran ƙarfi: wannan ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, wancan ɓarin jikinsa ya shanye, waccan kuma ciwon sukari ne ya kai ta ga wankin ƙoda. Ajali na Allah ne, amma kiwon lafiya amana ce a wuyanmu.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da muka taho Kano da Kaduna da Abuja da Legas, mun baro abubuwa biyu a baya: tafiyar ƙasa da cimar gida. Iyayenmu kan taka zuwa gona, su yi noma, mata su yi daka su ɗebo ruwa. Mu kuwa daga gado sai mota, daga mota sai kujerar ofis ko bencin shago, ko masallacin unguwa sai an hau babur.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a kwanaki 5. Ba gudu ake nufi ba. Tafiya ce da ɗan sauri, wadda numfashi zai ƙaru amma mutum yana iya magana. A yi ta bayan asuba ko da la'asar sakaliya. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10; sannu ba ta hana zuwa. Iyayenmu mata kuma, ko zagaya tsakar gida ne, a lizimta.

Sai batun ci. Hukumar ta ce gishirin da mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali guda, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen miya, domin galibinsa gishiri ne. A rage shi, a ƙara daddawa. Tuwon dawa da na gero, da acha, da kwaɗon zogale da na rama, da miyar kuka, ba abincin talauci ba ne. Lemon kwalba kuwa a bar shi sai jefi-jefi, zoɓo da fura a sassauta musu sukari.

Amma ina jan kunne. Hawan jini ba ya sallama. Mutum kan shekara da shi bai ji komai ba. Awo ne kaɗai ke tona shi, kuma idan ya riƙa kaiwa 140 bisa 90, sai a ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya koma shan zogale ko tafarnuwa, ko jiƙon masu talla da lasifika a tasha. Ganye abinci ne, ba ya maye gurbin magani, kuma jiƙon da ba a san haɗinsa ba yana iya lahanta ƙoda.

Daga ƙarshe, ina roƙon shugabanni kowane reshe ya sayi na'urar awon jini, a riƙa auna kowa kafin a buɗe taron wata-wata, 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya su ɗauki wannan nauyi. Kuɗinta bai kai abin da muke tarawa a jinya guda ba. Makarantar da muke ginawa a gida da rijiyoyin da muke haƙawa suna bukatar mu da ranmu da lafiyarmu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya maida kowa gidansa lafiya.