Takarda Da Fage: Laccar Da Aka Gabatar A Karare Kan Zaɓen Malamai

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fagen dambe da kaka, ya ga ƙato ya shigo hannu naɗe da zare, kalangu na tashi, yana kirari kamar ƙasa za ta tsage, har 'yan kallo sun ba shi nasara tun ba a gwabza ba, sa'an nan wani siririn yaro da ba a san sunansa ba ya kashe shi a turmin farko, to, ya riga ya fahimci rabin abin da na zo faɗi. Ƙirar jiki ana hango ta daga nesa. Amma abin da zuciya za ta yi sa'ad da naushi ya sauka a muƙamuƙi, wannan gaibu ne gare mu har sai an shiga.

Haka sha'anin malanta yake. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, an kafa ta ne don horar da malamai, aka kuwa riƙa tsamo mata yara daga larduna da matuƙar tantancewa. Cikinsu akwai Abubakar Imam, wanda ya fito ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. Alhali kuwa baiwar da Allah Ya ajiye a gare shi ba ta bayyana ga jama'a ba sai da gasar rubutu ta 1933 ta fito da Ruwan Bagaja, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Waɗanda suka zaɓe shi ba su yi kuskure ba, sai dai firasarsu ba ta kai nan ba.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. Ban raina wannan ba, domin wanda bai mallaki abu ba ba ya bayar da shi. Amma jarrabawa rariya ce, tsakuwa take riƙewa. Ba ta nuna maka wanda zai iya riƙe aji maƙil da yara lokacin da rana ta take, ko wanda idonsa zai kai kan yarinyar nan ta kujerar baya, da take motsa leɓe tare da sauran yara alhali ko baƙi ɗaya ba ta gane ba, ya kira ta ba tare da ya kunyata ta ba. Haƙuri da tausayi da hikimar saukar da magana daidai hankalin yaro, wallahi ban taɓa ganin takardar shaidar da ta auna su ba.

Magabatanmu na tsangaya sun fi mu dabara a nan. Gardi yakan daɗe yana biya wa ƙolo karatu, alaramma na gefe kan buzunsa, yana jin inda ya gyara da inda ya yi fushi. Malaman zaure kuma ba sa ba da ijaza sai bayan doguwar mulazama. Ba su yi duba ba, sun zauna sun gani.

Saboda haka roƙona ga hedimastocinmu shi ne, idan aka turo muku sabon malami daga Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma ko daga wani wuri, kada ku karɓi takardarsa ku miƙa masa alli ku juya baya. Ku zauna a bayan ajinsa ko sau ɗaya a mako cikin shekararsa ta fari, ku gyara masa a keɓe. Ku kuma iyaye, kun san halin da ƙauyukanmu na bakin dajin Rugu suke ciki. Akwai tambayar da babu mai tantancewa da zai iya amsa ta a ofis, wato ko wannan saurayi zai zauna da mu. Ku nema masa ɗaki a cikin gari, ku aika masa da tuwon dare.