Hayaƙin Taba a Wurin Cin Abinci na Asibiti



Duk lokacin da muka je gaida marasa lafiya, mukan ga allo a wurin cin abinci na asibiti mai cewa an hana shan taba. A kan wannan allon za mu yi magana yau.

Hanin ba sabo ba ne. Tun 1990, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, aka kafa dokar hana shan taba a asibitoci da makarantu da motocin haya a Nijeriya. A 2015 aka yi sabuwar doka wadda ta ƙarfafa hanin, ta kuma hana a sayar wa duk wanda bai kai shekara 18 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara fiye da mutum miliyan 1 suna mutuwa saboda hayaƙin tabar wasu, alhali su ba mashaya ba ne. To, su wa muke tararwa a wurin cin abincin nan? Mace mai juna biyu, yaro mai asma, tsoho mai ciwon zuciya, da matar da ke kan tukunya tun safe har dare.

Mun lura mutane ba sa karɓar hanin iri ɗaya. Wani yana ganin allon sai ya mayar da kwalinsa aljihu. Wani ya koma bakin ƙofa ko gindin taga, iska kuwa ta komo da hayaƙin ciki. Wani ya fusata ya ce, "Da kuɗina na saya." Mu sauran kuma mukan yi shiru, musamman idan mai shan ya girme mu. Wannan shirun ne ya fi damunmu, domin allo ba shi da baki.

Amma mu tuna, sau da yawa mai shan tabar nan mai jinya ne. Ya kwana uku a kan benci, ga kuɗin magani ya ƙare, ga jarabar taba ba ta sakin mutum da sauƙi. Idan muka tsawata masa a gaban jama'a, mun ƙara masa nauyi. A matso kusa, a gaishe shi: "Baba, yaya mai jiki?" Sa'an nan a ce, "Akwai masu ciwon ƙirji a nan, mu ɗan fita can nesa." A raka shi, a saurari damuwarsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Dattawa, a cikinmu ma akwai masu sha a ɓoye. Kada kunya ta hana su neman taimako wurinmu da wurin likita. Zumuntar mata da matasa masu zuwa gaisuwa asibiti, ku riƙe wannan.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.