WA YA MALLAKI RIMOT ƊIN DA KE HANNUNMU?

(Laccar da aka gabatar ga 'yan'uwa magidanta)

 

Ya 'yan'uwa, abin da za mu yi magana a kansa yau bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba, amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Muna nufin maɓallan nan masu launi da ke jikin rimot ɗin talabijin na zamani da na'urorin kallo ta intanet, waɗanda aka rubuta wa sunayen kamfanoni kamar Netflix da Prime Video da Disney+. Mutum yana zaune da iyalinsa ana sauraren karatu ko labarai, ya miƙa hannu zai rage sauti, ko yaro ya hau kan rimot ɗin, sai kawai abin da ake kallo ya ɓace, wani dandali da ba wanda ya nema ya buɗe. Sai a yi tsaki, a zargi yatsa. Alhali kuwa yatsa ba shi da laifi.

To, daga ina abin ya faro? A shekarar 2008 kamfanin Roku na Amurka ya fitar da na'urarsa ta farko, wadda aka ƙera domin kallon Netflix. A 2011 kuma Netflix ya sanar da cewa ya daidaita da masu ƙera talabijin irin su Sony da Sharp da Toshiba, za su sa masa maɓalli na kansa a jikin rimot. Daga nan sauran suka bi sahu, har ta kai rimot ɗin Roku da na Fire TV na kamfanin Amazon suna ɗauke da irin waɗannan maɓallai huɗu. Talabijin ɗin da ake shigowa da su kasuwanninmu ma haka suke zuwa.

Kada mu ɗauka don sauƙaƙa mana kaɗai aka yi. Wurin haya ne, kamar rumfar kasuwa. A 2019 kafar Bloomberg ta ruwaito cewa Roku yana karɓar kimanin dala 1 a kan kowane maɓalli, a kan kowane mai saye. Sa'an nan a 2023 kamfanin ya samu kuɗin shiga kusan dala biliyan 3.5, amma abin da ya zo daga sayar da na'urori bai kai rabin biliyan ba. Saura daga talla ne da kamasho. Wato ana sayar mana da na'urar da araha domin a sayar da idanunmu da tsada. Mu da muke zaton mu ne masu ciniki, ashe mu ne hajar.

Ga wata hujja kuma. Dandalin waƙoƙi na Rdio ya rufe a ƙarshen 2015, amma maɓallinsa ya ci gaba da zama a rimot ɗin mutane ba ya buɗe komai, kuma mai na'urar ba shi da ikon ya juya shi ga wani aiki. A 2023 Amazon ya toshe wata manhaja mai suna Remapper, wadda mutane ke amfani da ita su canza wa maɓallan aiki. Shin wanda ya biya kuɗinsa ya sayi abu, aka hana shi sarrafa wani sashe nasa, za a ce ya mallake shi mallaka cikakkiya?

Wani zai ce, duk wannan a kan ɗan maɓalli? Mu dubi abin da ke bayansa. Na farko, tarbiyya. Maɓallin ba ya tambayar shekarun wanda ya danna shi. Shafin da yake buɗewa cike yake da hotunan fina-finai, wasu ma su fara motsi da kansu, kuma a na'urori da yawa danna shi kaɗai ya isa ya kunna talabijin ɗin da ke kashe. Uba ya kulle ƙofar zaure, ashe an yanka masa taga ta baya. Iyalinmu amana ne a wuyanmu, kuma za a tambaye mu. Na biyu, dukiya. Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya da hoto mai tsabta yana iya cin data har gigabait 3. Wanda ke saye da guminsa ya san nauyin wannan. Na uku, lokaci da natsuwa, domin wanda ya shiga da kuskure sau da yawa ba ya fita da wuri.

Mene ne abin yi? Kafin mu saya, mu karɓi rimot ɗin mu duba, kamar yadda muke duba haƙoran rago. Akwai na'urorin da ba su da maɓallan talla ko ɗaya, kamar Apple TV, akwai kuma waɗanda suka bar wa mai su maɓallin da zai ɗora wa abin da yake so. Masu na'urar Android TV suna iya kashe maɓallan da manhajar Button Mapper. Inda hakan ya faskara, mai gyaran rediyo zai buɗe rimot ɗin ya liƙa ɗan salatif a ƙarƙashin maɓallin, shi ke nan ya mutu. Dandalin da muke amfani da shi kuwa, mu sa masa lambar sirri, mu buɗe wa yara sashensu, mu kashe tallan da ke kunna kansa, wanda Netflix ya ba da damar kashewa tun 2020. 'Yan'uwanmu 'yan kasuwa masu sayar da waɗannan kaya, su riƙa yi wa mai saye bayani tun kafin ya biya, domin albarkar ciniki tana cikin bayyanawa.

Ba mu ce a jefar da na'ura ba. Cewa muka yi mai gida shi ya kamata ya zaɓi abin da zai shigo masa ɗaki, ba wanda ya biya dala 1 a wata ƙasa ba.

Allah Ya tsare mana gidajenmu, Ya shirya mana zuriyarmu.